Kwalba Mai Jan Tsumma

Sallama gare ku masu bibiyar labarin nan. Na ga saƙonninku na ta'aziyya, Allah ya bar zumunci. Ku yi haƙuri da rubutuna, yaƙi da jahilci kawai na yi, kuma da yatsa ɗaya nake danna wayar nan. Wata baiwar Allah ta tambaya ko na yi wa Iliyasu takaba da ya rasu a daminar bara. Wata kuma ta ce tunda ina kiran sunansa gatsau babu kara, ashe ba mijina ba ne. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Wanda ya riga mu gidan gaskiya, in ba a kira sunansa ba, da me za a yi masa addu'a? Ku bar ni in bi abin yadda ya faru.

Ga waɗanda yau suka fara, sunana Barira, 'yar Malam Maikano ta Gwaram. Abin ya faru shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, lokacin muna cikin jihar Kano, ba a yi Jigawa ba. Kuɗi ya shigo ƙasa, manomi ma in ya yi sa'ar kaka sai ka ji ya biya kujerar Makka. Ni kuwa aurena na fari ya mutu, na dawo gida ina zawarci, shekaruna ba su fi ashirin ba. Muna zaune da Baba da Inna da kakata Dada, wadda ta haifi Baba.

Iliyasu mutumin Yalwan Damai ne, yana jan wata tsohuwar akori-kura tsakanin Birnin Kudu da Gwaram. A hannun ubangidansa ya saye ta, ta riga ta sha duniya. Shekararta ta farko a hannunsa ba ta tashi sai fasinja sun sauka sun tura, shi ya sa 'yan tasha suka laƙaba masa Sai-da-turi. Daga baya ya lallaɓa ta har ta daina, amma sunan ya ƙi barinsa.

Ruwan sama ne ya haɗa mu. Wata rana da hantsi aka kece da ruwa, sai motarsa ta tsaya a ƙofar gidanmu saboda abin share gilashi ya daina motsi. Fasinja suka ruga zaurenmu. Ina laɓe a ƙofar ciki ina kallo, ya shigo jiƙe sharkaf da wani ɗan abu a tafin hannunsa, kamar ƙwallon dabino, da siririn ƙarfe a bayansa da ya tsinke.

Ya ce, "Fis ne ya ƙone."

Wani mai shan taba ya yago takarda mai ƙyalli daga kwalin sigarinsa ya miƙa masa. "Naɗe shi da wannan mu tafi, haka kowa yake yi."

"Haka kowa yake ƙona motarsa. An yi shi ne ya ƙone don kada waya ta kama wuta. In na naɗe shi, wa zai ƙone a madadinmu?"

Ya koma cikin ruwan ya yi ta lalube har ya gano wata waya da ta sale tana gogar ƙarfe. Ya naɗe ta da roba, sannan ya ciro sabon fis daga gwangwanin man zafi ya sa. Da ya dawo zaure sai ya gan ni.

"Baiwar Allah, ko za a taimaka mini da ruwan sama?"

Na ce akwai randa cike a ƙarƙashin indararo.

"Ba wannan ba, ya wanko rufin kwano da tsatsarsa. Ko akwai wanda aka tara a fili, bai taɓa komai ba?"

"Sha za ka yi ko alwala?"

"Batir ne zai sha."

"Ikon Allah, ashe shi ma da tsirfa."

"Ya fi amarya tsirfa," in ji shi, fasinja suka yi dariya, ni kuwa na ja gyale na rufe baki.

Na kawo masa a farar langar Inna da ke tsakar gida. Da suka tafi na tarar ya bar mataccen fis ɗin a kan dakali, na ɗauke. Yana nan har yau a ƙasan adudu, tare da tsohon tandun kwallina.

Daga nan duk ranar da ya shigo gari sai ya danna hon gajere sau biyu a kan kwanar gidanmu. Babu waya a lokacin, wannan shi ne saƙonmu. In na ji sai in ɗaura atamfata mai ganyen rogo, in sa kwalli, in fito zaure. Wasu samari turare suke kai wa 'yan mata da sabulu. Ni dai hirarmu rabi duk ta batir ce, kuma wallahi ban taɓa gajiya ba. Ya nuna mini ramuka shida da ke samansa, kowanne da murfinsa. Ya ce ruwan ya rufe ƙarafan ciki kaɗan ya isa, ba a cika shi fal. Ya ce ruwan rijiyar Gwaram yana da gishiri-gishiri, a hankali yake cinye batir, ruwan batir na kwalba kuma sai an je Birnin Kudu, wani lokacin ma a sayar maka da na famfo. Shi ya sa ya fi yarda da na sama.

Akwai kuma wani farin gari da ke taruwa a kawunan batir kamar an barbaɗa gishiri. Wannan da jiƙon kanwa yake wanke shi, da tsohon asawaki, ya goge ya shafa mai. Ya ja mini kunne ya ce, "Kanwa ta waje ce kawai, Barira. In ta shiga ciki ta kashe ruwan, batir ya mutu." Sai na ware kwalabe biyu na lemo. Ta ruwan sama na toshe ta da jan tsumma, ta jiƙon kanwa na toshe ta da totuwa. Ina ajiye su a bayan gadon Dada, don a ɗakinta nake kwana.

Dada tana son Iliyasu tun ranar da ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta. Tana ce masa mijina mai dokin ƙarfe, shi kuma ya ce mata amarya ba kya tsufa. A rugar shanu ta girma kafin a kawo ta gari, har lokacin komai da idon kiwo take kallonsa.

Wanda ba ya so shi ne Baffa Barau, wan Baba. Yana da nasa mutumin, wani Alhaji Dabo mai sayen hatsi a Sara, mai sabuwar roka. Kullum ya zo sai ya ce, "Ga mai mota ta gaske, za a tsaya wa mai amalanke?"

Baba, wanda ya biya kujerar Makka a shekarar, bai ce komai ba sai da tafiyar ta matso. Wata rana bayan azahar ya kira ni ɗakinsa, yana zaune a kan buzu yana jera kayan tafiya a sabuwar jaka.

"Barira, na ba da ke sau ɗaya ga mutumin da ko gonarsa ba ya zuwa sai an tura shi. Na ga yadda kika dawo mini, wuya duk ya fito. Ba zan tilasta miki kowa ba, ke ba yarinya ba ce. Amma ba zan sa albarka a abin da nake tsoro ba."

Na sunkuyar da kai ina murza bakin gyale.

"Sunan da ake kiran yaron nan ba ya yi mini daɗi. Mai kula da abin hannunsa shi ne zai kula da mace. Ki gaya masa ranar tafiyata shi zai kai ni Birnin Kudu wurin motar alhazai. In ta tashi da makulli a ƙofar gidana, a gaban mutane, ya turo manyansa. In kuwa sai an tura ta, to ya ƙara gaba."

Da na gaya wa Iliyasu dariya ya yi. Ya ce tun farkon damina ba a tura ta ba, kuma ya kai batirin an yi masa caji a Birnin Kudu. "Ki dai ajiye mini ruwan ƙarshen nan, ana gobe tafiya zan zo in ƙara masa." Na tara ruwan ƙarshen damina a langa, na tace da sabon ɗankwali, na cika kwalba.

Ana gobe tafiya gidanmu ya cika da 'yan sallama. Inna tana suyar dambun nama, ana dakan yaji, ana ƙulla kuka da daddawa a tsumma don guzuri. Da la'asar na ji hon sau biyu. Na ɗauko kwalba mai jan tsumma na ɓoye a gyale na fita. Ya tsaya a gindin darbejiya ta gefen gida, ya buɗe gaban motar, ya kwance murafan batir ya jera su a kan hularsa.

Yana zubawa yana kallona. "Wannan ɗankwalin sabo ne?"

"Kai dai duba aikinka."

"Aikin nake dubawa."

Ya zuba a rami na farko, ya wuce na biyu. Yana kan na uku sai muka ji wani sauti kamar an zuba ruwa a garwashi. Kumfa ta taso daga ramukan tana tafasa tana gangarowa. Ya janye kwalbar da sauri. Ya ɗiga a yatsa ya ɗora a harshe, na ga fuskarsa ta canza.

"Barira, wace kwalba kika ba ni?"

"Ga jan tsumma a hannunka."

"Kanwa ce a ciki. Mai kauri ma."

 Na koma ciki da gudu, na tarar da Dada a ƙofar ɗaki tana kaɗi da mazari. Kwalba mai totuwa tana bayan gado inda na ajiye ta, ba a taɓa ta ba.

"Dada, wa ya taɓa ruwan nan?"

Ta washe baki, daɗi ya cika ta. "Ni ce. Ke ina kika taɓa ganin an ɗauki doguwar tafiya da kaya a kan tsurar ruwa? Ko doki sai an jiƙa masa kanwa yake ƙarfi. Kanwa ungurnu ce mai kyau na jiƙa na tace, na yi tofi a ciki. Gobe za ki ga tashi, Barau ya ji kunya."

 Tsohuwar nan kanwar da take tattali don ciwon cikinta ta ba mu.

Da na fito na gaya wa Iliyasu, ya daɗe yana kallon batirin. Ya tsotse abin da zai tsotsu da tsumma a kan tsinke, ya wanke saman, ya mayar da murafai. Ya shiga ya murɗa makulli. Motar ta yi wani nishi kamar mai ciwon ƙirji, da ƙyar ta kama.

"Ta tashi ai," na ce.

"Da ragowar ƙarfinta ta tashi. In ta kwana ba za ta sake ba."

"Ka ari na wani."

"Duk motocin garin sun tafi ɗaukar alhazan ƙauyuka. Rokar Alhaji Dabo ce kawai a tasha. In je in roƙe shi?"

"To ka tafi Birnin Kudu yanzu."

"Kafin in isa mai caji ya rufe. Kuma ba caji yake so ba, sai an zubar da ruwan duka an sake sabo, aikin wuni guda ne." Ya share goshi da hannun riga. "Zan kwantar da ita a gangaren bayan kasuwa. Da safe in sake ta ta kama da giya, in yi ta yawo har ta yi zafi. Inji mai zafi ba ya son ƙarfi da yawa. In ba a daɗe ba, wataƙila ta tashi sau ɗaya. Sau ɗaya muke nema."

"Bari in gaya wa Baba gaskiya."

"A'a. Gobe yake neman gafarar mahaifiyarsa zai tafi ɗakin Allah. Ba da bakina zai tafi da ɓacin ranta ba, ba kuma da naki ba."

Washegari da sassafe ƙofar gidanmu ta cika maƙil. Baba ya fito cikin farar shadda, riga da 'yar ciki, da sabon takalmi mai ƙara. Tun a cikin gida ya sallame mu, ya durƙusa gaban Dada ta shafa kansa, ya ce mini, "Barira, ki yafe mini." Mu mata muka taru a zaure muna leƙe ta bayan asabari.

Iliyasu ya iso bai danna hon ba, tattalin wuta yake yi. Ya wanke motar tas, ya shimfiɗa sabon bargo a kujerar gaba. Ya fito ya gaida mutane, inji yana aiki.

Baba ya dube shi ya ce, "Kashe ta, liman zai yi addu'a."

Ya kashe.

Allah ya jiƙan limamin nan, amma ranar na ji kamar in yi kuka. Ya yi wa Baba addu'a, ya yi wa alhazan bana da na bara, ya yi wa iyaye da kakanni, ya shiga damina da amfanin gona. Da ya shafa, sai masu saƙo suka taso. Wannan a roƙa masa haihuwa, wancan a sayo masa carbi, wata tsohuwa ta kawo ƙullin gyaɗa. Baffa Barau kuma ya sa aka sauke kayan da aka ɗaure, wai ba a ɗaura daidai ba. Ni dai idona yana kan gaban motar, ina ji a jikina tana hucewa.

Baba ya shiga gaba. Baffa ya haye baya da kaya, shi ne ɗan rakiya. Iliyasu ya zauna, na ga leɓensa yana motsi. Ya murɗa makulli.

Ƙat.

Ya sake. Ƙat, ƙat. 

Baffa ya leƙo daga baya. "To, Sai-da-turi, a sauka ne?" Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa.

Baba ya fito a hankali ya zagayo. "Me ya same ta?"

Iliyasu ya fito ya durƙusa. "Batir ne, Baba. Ban duba abin da na zuba masa ba."

"A ina ka samo abin da ka zuba?"

"Hannuna ne ya zuba, Baba."

Baba ya jinjina kai. "Ka ji abin da na ce tun farko. Yanzu dai rana tana yi, a samo masu..."

Ban san lokacin da Dada ta ture ni ba. Tana bayana tun ɗazu, ta ji komai, kuma ta ga fuskata tun jiya. Ta ɗaga asabari ta fita cikin maza, abin da ba ta yi ba tun rasuwar kakanmu. Ta jefar da sandarta, ta ƙara ɗaure baƙin zanenta a ƙirji, ta dafa bayan motar da hannu biyu.

"Ɗan'auta," ta ce, don ba ta kiran Baba da wani suna ko a gaban waye. "Ni na ba ta kanwa. Na ɗauka doki ce. Yaron nan ya sani tun jiya ya rufa mini asiri. Tunda ni na kwantar da ita, ni zan tashe ta. Kai Barau, sauko, ba zan tura ƙato ba."

"Dada, don Allah ki bari," in ji Baba.

"Ba zan bari ba. Kai direba, shiga."

Ta sa ƙarfinta duka, motar ko motsi. Gyalenta ya zame, furfura ta fito. Baba ya tsaya yana kallon uwarsa, sai na ga ya tuɓe babbar rigarsa ya miƙa wa liman. Ya janye Dada gefe a hankali, ya sa kafaɗarsa inda hannunta yake. Ganin haka kowa ya taso, har Baffa. Suka tura ta zuwa kan hanya, Iliyasu ya saki kuloci, ta yi tsalle sau biyu ta kama, hayaƙi ya turnuƙe. Baba ya shiga yana haki, da baƙin tabo a kafaɗar farar 'yar cikinsa. Bai waiwayo zaure ba. Wannan shi ne ganina da shi na ƙarshe, amma ban sani ba.

Wunin ranar ban ci komai ba. Dada ta shiga ɗaki ta juya fuska bango, ta ƙi magana da kowa.

Bayan la'asar na ji ƙarar inji a gindin darbejiya. Na fita ko kwalli ban sa ba. Iliyasu ya sa dutse a taya, bai kashe motar ba, sai da muka riƙa ɗaga murya.

"Kun sami motar alhazai?"

"Mun samu, ana cikin lodi."

"Me Baba ya ce?"

"Bai yi magana ba sai da muka hango duwatsun Birnin Kudu. Sannan ya ce me ya hana ni faɗin wanda ya sa kanwar. Na ce Baba, uwa ce.  Can ya ce, motar dai an tura ta, har da ni a masu turi. Amma kai ban ga an tura ka ba. In na dawo ka turo manyanka."

Na dafa motar, ƙarfen yana rawa a ƙarƙashin hannuna. "Baffa ya ji?"

"Yana baya da kaya, ga ƙarar inji. Ni da Baba ne kawai a gaba. Ya ce shi zai gaya wa Baffa da kansa in ya dawo, ba ya son gardama a bakin tafiya."

Na shiga na raɗa wa Dada, ta tashi ta ci tuwo. Iliyasu ya kai batirin aka sake masa ruwa, hon ya dawo sau biyu a kan kwana. Na fara ɗinkin matashin kai a ɓoye.

Da alhazai suka fara dawowa, kullum muna share ƙofar gida muna yayyafa ruwa. Ranar da motar 'yan Gwaram ta iso, jakar Baba ce ta sauka a hannun abokin tafiyarsa. Zazzaɓi ne ya kama shi bayan an sauko daga Arfa, a can aka binne shi. Da Inna ta buɗe jakar, 'yar cikin nan tana ciki a ninke, tabon bai fita ba.

Garin Gwaram duka ya ji sharaɗin Baba, kuma ya ga an tura mota. Abin da ya faɗa a hanya kuwa mutum ɗaya ne ya ji, shi ne mai neman auren. Maganata kuma ta koma hannun Baffa Barau.

Ranar da aka share makoki Baffa ya aiko Inna ta kira ni zaure. Na yafa farin mayafi na tafi. A bakin ƙofa na tsaya na duba takalman da aka tuɓe. Na gane na Baffa, na gane na liman, ga wani sabo fil mai sheƙi da ban taɓa gani ba. Na Iliyasu kowa ya san shi, da tabon baƙin mai a kan yatsa. Na duba, na sake dubawa, babu shi.